Yadda ake ɗaura madubin hangen dare a kan bindigar iska, a saita shi don ɓerayen sito

Duk wanda ya taɓa jibge shanshera a sito bayan an yanke shinkafar rani ya san ƙarar nan. Da an idar da sallar isha'i gari ya yi tsit, sai ka ji ƙaras-ƙaras daga bayan buhuna. Da safe ka tarar da ƙaiƙayi a zube, ga kashin ɓera baƙi-baƙi a kan buhun da jiya-jiya ka biya kuɗin ɗinkinsa. Sitona yana wajen garin Argungu ta hanyar fadama, kuma babu dabarar da ban gwada ba. Maganin ɓera ya kashe mini kaji, ya kashe kyanwar maƙwabta. Tarko yakan yi kamu kwana biyu ko uku, daga nan gafiya ta gane shi ta riƙa kewayewa. Bayan na toshe ramuka da siminti na ɗora buhuna a kan katako, abin da ya ƙarasa rage mini ɓarnar shi ne bindigar iska mai madubin hangen dare.

Daren farko ban kashe ko ɗaya ba. Da magariba na ɗaura madubin cikin ɗoki, na shiga sito, na yi ta harbi ina ganin ɓera ƙuru-ƙuru a allo amma ƙwayar dalma tana tafiya wani wurin, har ɗaya ta huda ƙyauren kwano. Wannan ramin ya hana ni barci, domin bayan ƙyauren nan hanya ce da mutane ke bi zuwa masallaci. Da safe na kai wa wani dattijon maharbi na unguwarmu bindigar. Ya juya ta, ya girgiza madubin da yatsa biyu, ya ji yana motsi. Ya ce, "Ɗana, wanga aiki na rana ne. Abin da ba ka gyara da rana ba, dare ba ya gyara ma shi." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Duk abin da ke ƙasa daga wannan maganar ya taso.

Takarda kafin ƙarfe

Mutane da yawa suna ɗaukar bindigar iska kamar abin wasan yara. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ba haka ta ɗauke ta ba. Ta jera ta a rukuni ɗaya da bindigar farauta mai harsashin watsi, rukunin da lasisinsa ke fitowa ta hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, yayin da bindigar toka irin ta maharbanmu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. A 2023 rundunar 'yan sanda ta ba da sanarwar dakatar da fitar da sabon lasisi, don haka kafin ka kashe ko kwabo, je hedikwatarsu a Birnin Kebbi ka ji halin da ake ciki daga bakinsu. Shi kansa madubin hangen dare yana cikin kayan da ba a shigowa da su ƙasar nan sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkar tsaro. Mai sayarwar da ya kasa nuna maka takarda, bar masa kayansa.

Sannan ka dubi zamanin da muke ciki. Daga ƙasar Zuru zuwa ƙananan hukumomin Arewa da Augie, babu wanda zai hangi mutum da bindiga cikin duhu ya tsaya tambayarsa ko ta iska ce. Ka sanar da mai unguwa, ka sanar da 'yan sintiri da maƙwabtanka ranar da za ka yi aikin da inda za ka yi shi. Bindigar kuma ta tsaya cikin katangar sitonka ko gidan kajinka.

Wane irin madubi ne a hannunka

Iri uku ne ake samu. Akwai na da, mai bututu a ciki da ke ƙara ƙarfin ɗan hasken wata da taurari, wanda hotonsa ke fitowa kore. Shi haske mai ƙarfi yana lalata shi, shi ya sa yake zuwa da murfi mai ɗan ƙaramin rami a tsakiya. In za ka saita shi da rana, murfin nan ba ya fita. Akwai mai gano ɗumin jiki, wanda kuɗinsa ya fi ƙarfin aikin ɓera. Sai na dijital, wanda kyamara ce da ƙaramin allo, tana aiki da fitilar infared, wato hasken da idon mutum ba ya gani. Shi ne mafi yawa a hannun mutane, irin na kamfanonin Pard da Sightmark da ATN, kuma shi nake magana a kai. Rana ba ta yi masa komai.

Na dijital ɗin ma gida biyu ne. Wani cikakken madubi ne mai alamar saitinsa a allo. Wani kuwa maƙalawa ake yi a bayan madubin rana da ke kan bindiga tun asali, kamar Pard NV007, ya riƙa leƙawa ta cikinsa.

Tambayar da ta fi wannan muhimmanci ita ce wace irin bindiga gare ka. Mai tankin iska, wadda ake kira PCP, ba ta da zabura, kusan kowane madubi zai zauna a kanta lafiya. Mai sifirin, wadda ake karya bakinta a ɗana, zaburarta biyu ce a harbi ɗaya: ta buga baya, ta kuma buga gaba. Wannan bugun na gaba ne ke kwance kayan cikin madubi, har madubin da ke jure babbar bindiga yakan gaza a kanta. Ka buɗe littafin da ya zo da madubin ka ga ko an amince a ɗora shi kan mai sifirin. In ba a rubuta ba, kada ka gwada da kuɗinka.

Ɗaurawa

Ka zaɓi safiya, wajen ƙarfe takwas kafin iska ta taso. Ka tanadi tebur da ba ya rawa, buhun yashi ƙanana biyu, makullan alanki, tsumma mai tsabta, ɗan ƙaramin ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a ciki, igiya, babban kwali da alƙalamin maka.

Kafin komai, tabbatar babu ƙwaya a cikin bindiga kuma ba a ɗane take ba. Leƙa da idonka, kada ka dogara da tunawa. Bakinta ya fuskanci katanga har ka gama.

Dubi doron bindigar. Yawancin bindigogin iska suna da tsagi biyu siriri, tsakaninsu milimita 11. Yawancin madubin dare kuwa an ƙera ƙafarsu don gadon da ake kira Picatinny, mai faɗin kusan milimita 21, mai tsage-tsage a gicciye kamar matakala. Waɗannan biyun ba sa haɗuwa sai da mahaɗi na ƙarfe mai kama milimita 11 daga ƙasa, ya ba da Picatinny a sama. Nan ne nake roƙonka kada ka yi tsumulmula. Mahaɗi mai arha, mai laushi kamar gwangwani, shi ne ya sa madubina ke motsi a hannun dattijon nan. Nemi mai tsawo, mai noti uku ko huɗu. In bindigarka mai sifirin ce, duba ko akwai ɗan rami a doronta ta baya. An yi shi ne don wata ƙusa da ke ƙarƙashin mahaɗin ta faɗa ciki, ta hana shi ja da baya a hankali a hankali.

Goge doron da ƙasan mahaɗin tas, kada ka bar maiƙo ko ƙura. Ɗora mahaɗin, ka ɗaure notinansa bi da bi, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su kama tare. Daga nan ɗora madubin a kan gadon amma kada ka ɗaure tukuna, bar shi yana iya zamewa.

Yanzu sai neman tazarar ido, kuma wannan mataki ne da mutane ke tsallakewa. Zauna yadda za ka zauna a sito, a kujerar da za ka zauna a kai. Rufe ido, ɗaga bindiga zuwa kafaɗa, kwantar da kumatunka a gindinta yadda jikinka ya so, sannan ka buɗe ido. In ka ga allon gaba ɗaya har kusurwoyinsa huɗu, madubin yana wurinsa. In sai ka miƙa wuya ko ka ja kai baya, matsar da madubin tsagi ɗaya ka sake. Madubi ne zai zo wurin ido. Ka tuna za ka yi awa biyu a zaune cikin duhu, wuyan da ke miƙe ba ya kai rabin awa bai fara rawa ba. Madubin dare yakan zauna sama fiye da na rana, don haka in kumatunka na shawagi a iska, naɗe gindin bindigar da guntun soso ko tsumma ka ɗaure da robar taya har ya taso.

Da ka sami wurin, tura madubin gaba (in mai sifirin ce, baya) har haƙorin ƙafarsa ya jingina da bangon tsagin, sannan ka ɗaure. Game da ƙarfin ɗauri, ƙananan notinan zoben da ke riƙe madubi ba sa son fiye da abin da masu ƙera su ke rubutawa wajen 2 Nm, kuma wannan ƙarfi ne kaɗan. In ba ka da ma'aunin ɗauri, riƙe alankin ta gajeren hannunsa da yatsu uku. Inda yatsun suka tsaya, nan ne. Wanda ya kama dogon hannun ya danna da ƙarfin kanikancin babur, ko ya cinye zaren noti ko ya lotsa jikin madubi.

Sai daidaita karkata. Kwantar da bindigar a kan buhunan yashi, ɗora ma'aunin magina a wani shafaffen wuri na doronta har ɗigon ya tsaya tsakiya. Rataya igiya a nesa da kamar mita 10, ka ɗaura mata noti mai nauyi ta miƙe. Kunna madubi. Layin tsaye na alamar saiti ya kamata ya kwanta a kan igiyar daga sama har ƙasa. In madubinka na zobba ne, sassauta ka juya shi har su dace. In ƙafarsa a haɗe take da jikinsa kuma ka ga karkata, laifin mahaɗi ne, kwance ka sake zaunar da shi. Madubi karkatacce yana iya dacewa a tazara ɗaya, amma da ka matsa kusa ko nesa sai ƙwaya ta riƙa zamewa gefe.

Mai maƙalawa a baya ya fi sauƙi. Zobensa ake sa wa a bakin madubin rana ta wajen ido, a cika giɓin da robobin da suka zo da shi har ya kama ba girgiza. Sharaɗinsa ɗaya: madubin ranan ya zama mai majuyin gyara tazara wanda ke saukowa har mita 10, in ba haka ba hoton cikin sito zai yi dishi-dishi. Kuma zai tura kanka baya, sai ka ƙara wa gindin bindiga tsawo.

Gyaran gani

Majuyi biyu ne, kuma akwai na fari akwai na biyu. Na wajen ido na idonka ne kai kaɗai. Rufe gilashin gaba, ka juya shi har rubutun allo da alamar saiti su fito tar. Ka ɗan kau da kai ka sake dubawa, saboda ido yana da yaudara, yakan tilasta wa kansa ganin abin da bai fito ba. Da ya zauna, ka bar shi har abada, sai dai in ƙanenka zai karɓi bindigar. Na gaba kuma na tazara ne, shi za ka riƙa taɓawa duk lokacin da abin da kake kallo ya matso ko ya yi nisa. Wanda ya juya na baya don gyara hoton ɓera zai kwana yana juyi.

Saiti

Fara da abin da zai tare ƙwaya. Katangar ƙasa mai kauri ko buhunan yashi a jere sun isa. Siminti da ƙarfe da dutse suna dawo da dalma, wani lokaci har wurin mai harbi, don haka sa tabarau. Yara su koma cikin gida, a ɗaure awaki.

Zaɓi ƙwaya iri ɗaya ka tsaya a kanta, ko ta milimita 4.5 ce ko ta 5.5, gwargwadon bindigarka. Kamfani ɗaya, nauyi ɗaya. Canza gwangwanin ƙwaya canza saiti ne.

Kafa babban kwali a mita 10, ka auna da tef, ba da taku ba. Yi ɗigo baƙi a tsakiya kamar girman kwabo. Kwantar da bindiga a kan yashi, ɗora alamar saiti a kan ɗigon, ja numfashi, saki rabi, matsa kunama a hankali har harbin ya zo da kansa. Yi haka sau biyar, kullum a kan ɗigon, ko ina ƙwayar ke faɗawa. Kada ka bi ramin. Abin da kake nema a nan shi ne ramukan su taru wuri ɗaya. In sun watse kamar an yafa gero, kada ka taɓa saiti: ko noti bai kama ba, ko ƙwayar ba ta dace da bindigar ba, ko riƙonka ne. Mai sifirin musamman ba ta son a danne ta. Ɗora gabanta a kan buɗaɗɗen tafin hannunka, hannun a kan yashi, ka bar ta ta yi zaburarta iri ɗaya kowane harbi.

In sun taru, sai gyara. A cikakken madubin dijital, shiga jerin umarninsa wajen saiti. Mayar da alamar kan ɗigon da ka nufa daidai, riƙe bindiga kada ta motsa, danna maɓallin da ke daskarar da hoto. Hoton zai tsaya cak. Yanzu da maɓallan X da Y, tuƙa alamar daga ɗigon zuwa tsakiyar tarin ramukan. X na dama da hagu ne, Y na sama da ƙasa. Adana kafin ka fita, domin wanda ya fita bai adana ba ya koma farko. Sake harba biyar a sabon ɗigo. Yawanci zagaye biyu ko uku sun isa.

Ga mai maƙalawa a baya, majuyan madubin rana ne za ka juya, kuma a nan lissafi yana rikita mutane. In an rubuta 1/4 MOA a kan majuyin, ƙas ɗaya yana matsar da ƙwaya kusan milimita 7 ne a mita 100. A mita 20 bai kai milimita ɗaya da rabi ba, a mita 10 kuma rabin haka. Kenan in ƙwaya ta kauce da santimita 3 a mita 10, wajen ƙas 40 kake bukata. Mutum yakan yi ƙas huɗu, ya ga babu abin da ya canza, ya ce madubin ya lalace.

In ka ga bindigar mai karyawa tana harbi ƙasa sosai har Y ya kusa ƙurewa, ba madubin ba ne. Bakin irin waɗannan bindigogi yakan ɗan sunkuya tun daga ƙira. Maganinsa mahaɗi mai ɗan gangare zuwa gaba, wanda aka yi don wannan matsalar.

Da mita 10 ta zauna, mayar da kwalin zuwa tazarar da ka fi harbi, a ce mita 20 in sitonka dogo ne, ka ƙarasa saitin a can. Rubuta lambobin X da Y a takarda ka liƙa a cikin murfin akwatin. Ranar da madubin ya rikice ya goge komai, za ka gode wa takardar nan.

Saura abu ɗaya da ya fi cin mutane a sito, kuma shi ya ci ni ko bayan na gyara ɗauri. Tsakiyar madubi tana sama da bakin bindiga da kamar santimita 6. Ƙwaya daga ƙasa take tasowa, sai ta yi tafiya kafin ta haɗu da layin ganinka. In saitinka na mita 20 ne, ɓeran da ke mita 5 za ka harba a ƙarƙashinsa da santimita 3 zuwa 4, alhali kansa duka bai fi haka girma ba. Don haka kafa kwali a mita 5, da 8, da 12, da 15, ka harba uku-uku kana nufar ɗigo, ka ga inda suke faɗawa, ka rubuta. Yawancin madubin dijital suna adana saiti fiye da ɗaya. Ni na ware ɗaya na mita 8 don cikin sito, ɗaya na mita 20 don tsakar gidan kaji. Na kuma auna sitona da rana na yi alama da alli a bango, saboda a allo komai kusa yake zama, ido ba ya iya kimanta nisa.

Abin da ya rage wa dare

Fitila kaɗai. Bayan isha'i, bindiga babu ƙwaya, koma gaban kwalin nan ka kunna infared. Za ka ga da'irar haske a allo. Sassauta mariƙin fitilar ka juya ta har alamar saiti ta zauna a tsakiyar da'irar, sannan ka ɗaure. Fitilar nanomita 850 (lambar da ke nuna irin haskenta) ta fi kai wa nesa amma bakinta yana yin ja kamar garwashi, kuma gafiyar da ta sha harbi takan lura da shi. Ta 940 kusan ba a ganinta, sai dai ba ta kai waccan nisa, kuma a cikin sito nisa ba shi ne damuwa ba.

Rage ƙarfinta zuwa na ƙasa, ka buɗe hasken ya yi faɗi. Farin buhu da bangon da ke kusa suna dawo da infared su wanke allon fari fat. In ka ga wani farin hazo a ƙasan hoto, hasken ne ke dukan bakin bindigar, sai ka matsar da fitilar gaba ko ka ɗaga ta. A lokacin hunturu ƙurar da ke yawo tana yin haka, da damina kuma ƙwari. Rage hasken allon shi ma, don idonka ya iya ganin ƙasa in ka ɗaga kai. Batir biyu cikakku masu lamba 18650 su kasance a aljihu.

Allo baƙi da fari ne, kuma ido mai ƙyalli ba shi ke nuna ɓera ba. Idon kyanwa ya fi ƙyalli, haka na ɗan akuya. Jaɓa mai dogon baki ƙwari take ci, ba ruwanta da shinkafarka, ƙyale ta. Sai ka ga jiki da wutsiya, ka kuma san abin da ke bayansa, kafin yatsa ya shiga wurin kunama.

Kada ka harbi ɓera yana kan buhu. Mu da muke maƙwabtaka da Zamfara ba ma bukatar a gaya mana abin da dalma ke yi wa yaro. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ƙwayar da ta nutse cikin shanshera za ta bi ta har injin casa. Na ware kusurwa ɗaya nesa da buhuna, na jera yashi a bayanta, ina shafa ɗan tunkuza a kan bulo don ɓera ya tsaya lasa, a nan kaɗai nake harbi. Kada ka riƙe ƙwaya a baki, ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci, da safe kuma ka tsince waɗanda suka faɗi.

Mushen ɓera ma ba a ɗaukarsa da hannu. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, ɓeran nan mai nonuwa da yawa ne ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Sa safar hannu ko ka yi amfani da shebur, ka binne da zurfi, ka wanke wurin da ruwan bilic.

Bayan harbi kamar hamsin na farko, sake bin notina da alanki, saboda sabon ɗauri yakan zauna ya saki. In sun kama, ɗiga farin fenti a kan kowane noti ya haɗe da jikin mahaɗi. Duk ranar da layin ya rabu, noti ya juya. Kuma duk lokacin da bindigar ta faɗi, ko ta sha gargadar hanya a bayan babur, ko ka buɗe sabon gwangwanin ƙwaya, fito da kwali da la'asar ka harba uku kafin ka shiga sito.